Amsa: Kuɗin kasuwar kabon zai iya ɗaukar nauyin aikin shara a birni?

Malam, tambayarka ita ce ko birni zai iya gyara bolarsa da kuɗin da yake samu daga sayar da takardun shaidar rage gurɓatacciyar iska a kasuwar kabon. Zai iya samun kuɗi, amma kada a ɗora aikin gaba ɗaya a kansu, ƙari ne kawai. Birnin Durban na Afirka ta Kudu ya gwada: ya kafa bututu a cikin bolar Mariannhill yana zuƙo iskar metan, wadda shara ke fitarwa idan ta ruɓe, yana kai ta ga injin da ke samar da wutar lantarki, aka yi wa aikin rajista a 2006 a CDM, tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na ba da irin waɗannan takardun. Amma farashin takardar tan ɗaya na iskar da aka rage, wanda ya kai wajen Yuro 20 a 2008, ya faɗi ƙasa da Yuro 1 a ƙarshen 2012. Duk wanda ya ci bashi da sa ran wancan farashin ya ji jiki.

Sharaɗin da na fi ganin yana kayar da mutane shi ne awo. Ba a biyan ko sisi sai mai tantancewa daga waje ya zo ya duba alƙaluma, wato bayan an riga an kashe kuɗin gini. Yana son ganin mita a kan bututun gas da rajistar da ake cikawa kullum ba tsallake. Bolar da ake zubar da shara barkatai, yara na cinna mata wuta, da wuya a iya tara iskarta a auna. Ku fara killace wurin, ku sa sikeli a ƙofa, sannan ku nemi mai sayen wutar kafin mai sayen takardun.