Maganin hawan jinin ido na yi wa Baba raɗaɗi, akwai mai sauƙi?

Tambaya: Likita barka da aiki, daga Mabera nike nan Sakkwato. Babanmu na da hawan jinin ido, shekara biyu shina ɗiga timolol lafiya lau, watan jiya anka ƙara mai dorzolamide, tun ranar in an ɗiga sai ya runtse ido shina hawaye har bakinai ya yi ɗaci. Yanzu ya ce shi ya bari.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya 'yar uwa. Ba raki yake ba, dorzolamide na cikin waɗanda suka fi yaji a ido saboda ruwansa na da ɗan tsami, ɗacin kuma maganin ne ke bin hanyar hawaye ya gangara hanci zuwa maƙogwaro. Zafin na wucewa nan da nan kuma ba alamar ido na lalacewa ba ne, amma don Allah kar ya daina, ganin da wannan ciwo ya cinye ba ya dawowa.

Ku koma wurin likitansa ku tambayi brinzolamide, aikinsu iri ɗaya amma shi bai cika raɗaɗi ba, fari ne kamar madara sai an girgiza kwalbar, kuma gani kan yi hazo na ɗan lokaci, ni a wurin dattijo wannan ya fi min sauƙi nesa ba kusa ba. Latanoprost, wani maganin ɗigawa na wannan ciwo, shi ma da sauƙi, sau 1 da dare, sai dai jan ido da tsawon gashin ido, ga shi ba ya son zafi, wanda ba a buɗe ba firij yake so, wanda aka buɗe kar ya wuce digiri 25, to ki duba zafin Sakkwato a Afrilu da ake haura 40 ga rashin wuta. Ki ɗaure shi a leda ki sa a kula mai ƙanƙara ko gindin randa, kar a bar shi a aljihun riga.

Akwai kuma wani maganin ɗigawar, brimonidine, shi kuma wasu sai bayan watanni ido ya kama ƙaiƙayi ya yi jawur.

Kafin ku je, ɗigo 1 ya isa. Ya rufe ido ya danna kusurwar da ke jikin hanci da yatsa minti 2, ɗacin zai ragu sosai, a bar aƙalla minti 5 tsakanin kwalba da kwalba. In yana da asma ko bugun zuciyarsa na yin ƙasa ku faɗa wa likitan, timolol ba ya shiri da su.