Amsar Malam kan neman tallafin fita da ɗalibai bakin kogi

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Malama, na saurari saƙonki har sau biyu. Kin ce kin ji ana ba da tallafi don koyar da yara sha'anin kogi a wajen aji, kina tambayar ina ake nema, har kin fara lissafi kin sa majigi da kwamfuta da hayar bas zuwa madatsar ruwa ta Tiga. To ni abin da na ji a ƙarƙashin tambayar shi ne, in kuɗin nan ya zo ya ƙare, me zai rage a makarantar? Wannan zan amsa miki.

Wajen nema ba ɓoyayye ba ne. Akwai ƙananan tallafin GEF, asusun kula da muhalli na duniya, da UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke gudanarwa, a da iyakarsa dala 50,000 ce, amma ƙungiya ake ba wa, ba mutum ɗaya ba, don haka sai kun jingina da ƙungiya mai rajista da asusun banki. Akwai ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar noma da ruwa na Bankin Duniya, dala miliyan 700, an amince da shi a 2021, jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma shi dama tsarinsa a kan kwarin koguna yake. Ki taka ofishinsu na jiha da ƙafarki. Sannan kuɗin horar da malamai na UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, ta hannun SUBEB, takwararta ta jiha, yake biyowa, hedimasta ya san hanyar.

Amma don Allah ki goge majigin nan. Ki goge shi. Na faɗa miki dalili.

Shekarun baya wata ƙungiya, ba zan kama suna ba, ta tara mu malamai a otal, kwana uku, wai horo kan ruwa da muhalli. Kwana ukun nan a ɗaki mai sanyi muka yi su, ana haska mana hoton kogunan wasu ƙasashe a bango. Kogi kuwa yana nan, da mota ba ka minti ashirin ka isa. Ba a kai mu ba. Na ɗaga hannu rana ta biyu na ce mu fita mu gani, aka ce babu shi a jadawali. Aka ba mu jaka da takardar shaida da kuɗin mota. Wallahi har yau abin yana ci mini rai, don a ɗakin nan akwai malaman da ba su san ruwan da ke wuce Haɗeja daga ina ya taso ba, kuma suka koma gida ba su sani ba. Ba laifinsu ba ne, ba a taɓa nuna musu ba. Da kuɗin abincin rana ɗaya aka ɗauka aka yi hayar kwale-kwale... to, bari dai in bar wannan.

Abin da nake so malami ya iya faɗa da ka, yana tsaye a bakin ruwa, shi ne: kogin Kano da na Challawa su suka haɗu kafin Wudil suka zama kogin Haɗeja. An tare na Kano a Tiga a 1974, an tare na Challawa a 1992. Daga nan ruwan ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya gamu da na Jama'are wajen Gashua, ya zama Yobe, ya bi iyakar Nijar ta Diffa har Tafkin Chadi. Igiya ɗaya ce. Abin da masu jima suka zubar a Kano, shi masunci zai tarar a ƙasa.

Kuma kacala, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa, ai kin ganta. Kafin madatsun nan kogi yakan ƙafe da rani, ya zo da ƙarfi da damina ya wanke hanyarsa. Yanzu ana sakin ruwa kusan duk shekara, yana tafiya a hankali, laka tana kwanciya, kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin. Ruwa ya rasa mabi ya shiga gona, wani wurin kuma ya ƙi zuwa sam. Tsuntsun jan-baki ya samu makwanci a cikin kacalar, ya fito ya cinye gero da shinkafa. Wannan bayanin ni ba a littafi na fara jinsa da kyau ba, wani tsohon masunci ne ya zayyana wa ɗalibaina shi, yana nuna inda da yake wucewa da jirgi, yanzu ko kare ba zai ratsa ba. Ki sa masa kuɗin goro a lissafinki, malami ne.

Ga abin da na fi so, kuma ko kwabo bai ci ba. Daro biyu. Ɗaya muka cika da ƙasa tsura, ɗaya muka yanko ƙasa da ciyawarta da saiwarta muka shimfiɗa. Muka tokare su da dutse suka karkata. Gwangwanin madara muka huhhuda da ƙusa, yaro ya riƙe sama, wani yana zuba ruwa da buta, kamar ruwan sama. Muka tari abin da ya gangaro a kwalabe biyu. Na ƙasa tsurar nan ya fito ja wur, kamar kunu, nan da nan ya cika kwalba. Na ciyawar kuwa sai da muka jira, ya ɗiɗɗigo kaɗan, kusan garau. Wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaga jar kwalbar ta duba, ta ce, “Malam, ashe gonarmu ce take tafiya cikin kogi.” Shekara nawa yanzu, ban manta fuskarta ba. Ambaliyar 2022 da ta ci Jigawa, na yi ta tuna maganar yarinyar nan.

Af, na ce ki goge bas ɗin Tiga? A'a, majigi na ce. Bas ki bar shi, amma malamai za ki fara ɗauka, ba yara ba. Su ga madatsar, su tsaya a gadar Wudil, su gangaro har fadama, kowa da littafinsa yana zana abin da ya gani. Su dawo kowa ya nemo kwari ko kududdufi ko rafin da ke kusa da makarantarsa, inda yara za su je a ƙafa sau uku a shekara: rani, farkon damina, da kaka. Wuri ɗaya, sanda ɗaya mai alama a kafe, su riƙa auna hawa da saukar ruwa suna rubutawa. Kuma ki ware kuɗin da wani zai riƙa zagayawa yana duba malaman bayan horon, nan ne kullum ake yankewa.

Sai tsaro. Takardar yardar iyaye, ki sanar da mai unguwa da sarkin ruwa, malama mace tare da 'yan mata, kuma babu yaron da zai tsoma ƙafa a ruwa, saboda nutsewa da tsargiya. A kan wannan ba na sassauci.

Ki yi fita ɗaya da daron nan kafin ki rubuta komai, ki ɗauki hoto, ki haɗa da takardar neman. Ki turo min lissafin bayan Isha'i in duba, sannan wanda ke da lambar ofishin ACReSAL na jiha a guruf ɗin nan ya tura mata ta gefe.