Tambayoyinku: In kamfanoni suka haɗa baki suka tsuga farashi, yaya kotu take lissafa diyya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni harkar sufuri nake, ina da DAF biyu masu ɗauko kaya daga Legas. Ƙanina ne ya ce min wai an kama masu ƙera manyan motoci a Turai sun haɗa baki sun ƙara kuɗi, har kotu tana sa su biyan diyya. Abin da ya ɗaure min kai, ta yaya alƙali zai san nawa aka cuci mutum tunda shi ya ga mota ya taya aka sallama? Kuma mu masu sayen Beljiyam muna da rabo? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumussalam Alhaji, ƙanin naka gaskiya ya faɗa maka. Daga 1997 zuwa 2011, shekara 14 cur, kamfanonin MAN da Daimler da Volvo/Renault da Iveco da DAF ɗinka suna shirya farashi a tsakaninsu. A 2016 hukumar Tarayyar Turai ta ci su tarar yuro biliyan 2.93, MAN kaɗai ya tsira don shi ya tona asirin, Scania kuwa da ya ƙi sasantawa a 2017 aka yanka masa yuro miliyan 880. Amma fa tara daban diyya daban, tara asusun hukuma take shiga, wanda ya sayi mota sai ya ɗauki lauya ya kai nasa ƙorafin.

To a nan gizo ke saƙar. Kuɗin da ka biya akwai rasit, amma kuɗin da za ka biya da a ce ba su haɗa baki ba, wannan ba wanda ya taɓa ganinsa, kuma ratar da ke tsakanin biyun ita ce asararka. Shi ya sa kowane ɓangare yake ɗauko masana tattalin arziki su dubo farashi kafin haɗin bakin da lokacinsa da bayansa, ko su gwada da wata kasuwar da abin bai shafa ba, sannan su tsame abin da tsadar ƙarfe da canjin kuɗi da sabon injin rage hayaƙi suka jawo, don ba duk tashin farashi ne cuta ba, kai ma ka sani ran da gas ya tashi kuɗin lodi tashi yake.

A Ingila kamfanin gidan waya Royal Mail da na tarho BT sun maka DAF a kotu, masanin DAF ya rantse ba sisin da aka ƙara, na masu ƙara ya kawo nasa lissafin mai tsoka, a 2023 alƙalai suka ce kowanne akwai ɓaraka a aikinsa suka yanke kashi 5 cikin 100. Kotun ƙolin Sifen ma kashi 5 ɗin ta tsayar a shekarar. Wato motar yuro 100,000 diyyarta 5,000, sai kuɗin ruwa tun daga ranar saye, wanda bayan shekara ashirin ba ƙaramin abu ba ne. Ni dai a ganina kirdado ne, amma ya fi a sallami mutum hannu rabbana don kawai ya kasa kawo lissafin da ba mai iya kawowa.

Kamfanonin ma suna da tasu dabarar, sai su ce ai ka riga ka ɗora ƙarin a kan kwastomominka, to me ka rasa? A Turai ana sauraron wannan hujja amma su za su tabbatar da ita, DAF ya gwada bai yi nasara ba. Amurka kuwa ba wasa, dokarsu ta 1914 ninki uku take bayarwa, sai dai tun 1977 wanda ya saya kai tsaye daga kamfani ne ke da bakin neman diyya a dokar tarayya.

Batun rabonka kuma Alhaji kar ka sa rai sosai. Hukuncin nan kasuwar Turai ya shafa, kai kuma motarka ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta sauka Apapa ko Kwatano, sai ka nuna ƙarin ya biyo ta har aljihunka, kuɗin lauya kaɗai zai lashe abin da kake nema. In a nan gida ka ga 'yan kasuwa sun haɗa baki kan farashi, hukumar FCCPC mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ce wurin kai ƙorafi, ka dai riƙa adana rasit ɗinka.