Shin Fito da Takardun Harajin Shugabanni Zai Sa a Yarda da Su?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina yawan jin ana kira ga shugabannin siyasa da su fito da takardun harajinsu kowa ya gani, wai hakan zai dawo da yardar jama'a gare su. Ni kuwa a ganina dukiyar mutum sirrinsa ce, kuma ɓarawo ba zai rubuta satarsa a takarda ba. To, mene ne amfanin wannan kira? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kana da gaskiya a wani ɓangare, domin takardar haraji ba ta nuna komai sai abin da mutum ya faɗa wa hukuma da kansa, wato kuɗin da ya samu a shekara, hanyar da ya same su, rangwamen da ya nema, da kuma abin da ya biya. Kuɗin cin hanci da aka karɓa a hannu, ko gidan da aka saya da sunan wani, ba za su fito a ciki ba. Duk da haka ina goyon bayan kiran, saboda takardar tana ba jama'a abin da za su gwada maganar shugaba da shi, kuma wanda ya sa hannu a kan ƙarya a takardar hukuma ya bar hujjar da za a kama shi da ita.

A Amurka aka fi sanin wannan al'ada, kuma abin kunya ne ya kafa ta, ba doka ba. A 1973 wata jarida ta bankaɗo cewa Shugaba Richard Nixon, wanda albashinsa ya kai dala 200,000 a shekara, bai biya ko dala 1,000 ta harajin tarayya ba a 1970, haka ma a 1971, bayan ya nemi babban rangwame a kan takardun aikinsa da ya ba gwamnati kyauta. Matsin lamba ya tilasta masa fito da takardunsa, kuma da aka bincika a 1974 sai aka gano ana bin sa fiye da dala 400,000. Daga nan kusan duk shugabannin ƙasar da manyan 'yan takara suka riƙa fito da nasu, har zuwa 2016 lokacin da Donald Trump ya ƙi, yana cewa hukumar haraji tana bincikensa. Ya ci zaɓe duk da haka. A 2020 jaridar New York Times ta ruwaito cewa dala 750 kacal ya biya a 2016, haka ma a 2017, kuma sai a Disambar 2022 wani kwamitin majalisar wakilai ya wallafa takardunsa na shekara shida, bayan doguwar shari'a. Wannan ne ya sa nake cewa abin da aka bar wa ganin damar shugaba zai ɗore ne kawai har ranar da aka samu wanda ba ya so.

Game da yarda kuwa, kada ka yi tsammanin za ta ƙaru nan take, don sau da yawa abin da ke biyo bayan fallasa shi ne ɓacin rai. Firaministan Birtaniya David Cameron ya fito da taƙaitaccen bayanin harajinsa a Afrilun 2016 ne bayan Takardun Panama, wato bayanan sirri da aka fallasa kan dukiyoyin da ake ajiyewa a ƙasashen waje, sun ambaci kamfanin mahaifinsa, kuma mutane da yawa sun ɗauki hakan a matsayin ihu bayan hari. Rishi Sunak kuma, da ya fito da nasa a Maris ɗin 2023 yana Firaministan Birtaniya, an ga bai karya doka ba, amma an ga cewa kimanin kashi 22 cikin ɗari na kuɗin da ya samu ya biya, saboda mafi yawansu ribar jari ce, wadda harajinta bai kai na albashi nauyi ba. A nan ne nake ganin babban amfanin abin, domin muhawara ta tashi daga kan mutum ɗaya ta koma kan dokar kanta, kuma talaka ya ga yadda tsarin da shugabanni ke rubutawa yake shafar aljihunsu.

Batun sirri da ka kawo yana da nauyi, amma wanda ya nemi ikon ɗora wa mutane haraji da ikon kashe shi ya amince da a rage masa sirri fiye da na kowa. A Norway da Finland ma ana bayyana kuɗin shiga da harajin 'yan ƙasa, ba shugabanni kaɗai ba, kuma tun 2014 Norway ta tsara cewa duk wanda ya duba bayanan wani a intanet, mai bayanan zai ga sunansa. Pakistan ta fara wallafa harajin 'yan majalisarta a 2014, bayan wani binciken 'yan jarida ya nuna yawancinsu ba su miƙa takardun haraji ba. Ana iya ɓoye adireshi da lambar asusun banki da sunayen yara ba tare da an taɓa alƙaluman da jama'a ke buƙata ba.

Abin da zan goyi baya shi ne doka da ta shafi kowane ɗan takara tun kafin zaɓe, wadda za ta nemi cikakkiyar takarda ta shekaru da dama a maimakon taƙaitawar da akawunsa ya rubuta, a haɗa ta da bayanin kadarori da basussuka, sannan a ba wata hukuma mai zaman kanta aikin tantancewa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi wuya. Tun 1977 hukumar harajin Amurka take da ƙa'idar binciken takardun shugaban ƙasa kowace shekara, amma kwamitin da na ambata ya gano cewa ba ta fara binciken na Trump ba sai a 2019, bayan majalisa ta nemi ganin takardun.