Sandar giyar Sienna ta yi lako-lako: sai an sauke giyabos ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Sienna ƙirar 2005, otomatik, ina haya da ita tsakanin Zariya da Abuja. Kusan wata biyu ke nan sandar giyar ta yi lako-lako, ba na jin ƙas-ƙas ɗin nan da take yi a da. In na ja ta zuwa D sai na ɗan jijjiga kafin giya ta shiga. Wani lokaci da safe in murɗa makulli shiru, sai na tura sandar gaba da ƙarfi sannan motar ta tashi. Shekaranjiya na sa ta a P a ƙofar gida, ina fita sai ga ta tana silalewa, Allah ya sa babu yara a wurin. Bakanikena ya ce giyabos ne ya gaji, in nemo na Beljiyam. Ina neman shawara kafin in ci bashi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara tsarewa. Kada ka ci bashin nan tukuna. Duk abin da ka lissafa, babu ko ɗaya da ke nuna cikin giyabos. Alamu ne na abin da ke tsakanin hannunka da shi.

Sandar da kake ja ba ta taɓa giya kai tsaye. Kebur ne ya tashi daga gindinta, ya ratsa bodi zuwa wurin inji, ya je ya maƙale a wani ɗan hannun ƙarfe da ke jikin giyabos, ta ɓangaren direba, wajen ƙasan batir da akwatin iyakilina. Wannan ɗan hannun shi ke juya shaf ɗin da ya shiga ciki, shi kuma shaf ya zaɓi P, R, N ko D. A kowane bakin kebur akwai zobe, a cikin zoben akwai bushin na roba mai tauri, bai fi kan babban yatsa girma ba. Shi ne ya riƙe komai daram. Mota mai shekara ashirin, ga zafin injin V6, ga mai na ɗiga masa, ga ƙurar hunturu, dole bushin ya bushe ya tsage ya fara marmashewa. Da ya cinye sai zoben ya riƙa yawo a kan fil ɗinsa. Kai ka ja sanda har D, amma rabin jan ya tafi a wasan, can ƙasa kuwa ana tsakanin N da D.

Rashin tashin da safe ma daga nan yake. A kan wannan shaf ɗin akwai suwic da ba ya barin wuta ta je kik sai giya tana P ko N. Idan sandarka na P amma shaf bai kai ba, suwic zai hana, kai kuma ka zaci batir ne. Turawar da kake yi da ƙarfi ce ke ƙarasa shi. Na sha ganin an kira rewaya, an canza kik, an sayi sabon batir, alhali roba ce ta ƙare.

Silalewar ita ce ta fi damuna. P ba birki ba ne. Wani ɗan haƙorin ƙarfe ne a cikin giyabos da ke faɗawa cikin gibin wata giya ya hana tayoyin gaba juyawa, kuma ba ya faɗawa sai shaf ya kai ƙarshen tafiyarsa. Ranar nan naka bai kai ba, ko dai ya tsaya a bakin R ko ya ɗan taɓa ya kuɓuce. Don haka daga yau har a gyara, kada ka fita daga motar sai ka taka birkin fakin, wanda a Sienna feda ce a can hagu, kuma ka riƙa yawo da weji. Direbobinmu da yawa sun yi watsi da fedar nan tun da suka koma otomatik, wasu ma keburinta ya yi tsatsa don rashin amfani. Gwada naka a ɗan gangare ka ga ko yana riƙewa.

Ga yadda za ka gano wurin da kanka, kai da yaron mota. A sami fili shimfiɗaɗɗe, a sa weji gaba da bayan taya, a taka birkin fakin. Inji a kashe, amma makulli a buɗe yadda fitilun dashbod za su kama. Ka taka birki ka riƙa jan sanda a hankali daga P zuwa ƙasa, idonka a kan harafin da ke haskawa a mita. Harafin nan daga suwic ɗin giyabos yake samun labari, ba daga sanda ba, saboda haka shi ne mai gaskiya. Idan sanda ta zauna a D mita na nuna N, ko ba ta nuna komai, ka kama ɓarawon. Ka lura da fitilar ribas ma, ko tana kamawa daidai lokacin da sanda ke R.

Sai ku buɗe bonet, shi yana jan sanda, kai kana kallon bakin kebur da tocila. Abu uku kake nema. Idan wayar cikin kebur tana motsi amma ɗan hannun ƙarfen sai ya yi jinkiri kafin ya bi ta, bushin ne. Idan kebur ɗin gaba ɗaya har da rigarsa yake gaba da baya, to kilif ɗin da ya danne shi a kan biraket ya fita, ko biraket ɗin ya kwance. Idan kuwa ana jan sanda a ciki amma nan ko gezau, matsalar tana gindin sandar, sai a cire murfin da ke kewaye da ita a duba ɗaya zoben, ko kuma kebur ya tsinke a tsakiya. Daga nan a zare kebur daga fil, ka juya ɗan hannun da hannunka. In ka ji yana faɗawa ƙas, ƙas, kowane mazauni da ƙarfinsa, cikin giyabos lafiya lau yake. In shi ma ya yi sako-sako, a fara duba notin da ya ɗaure shi a kan shaf kafin a yi maganar buɗe komai.

Gyaran ba wani abu ba ne. Bushin kaɗai ana iya canzawa, aikin da bai kai awa ɗaya ba, kuma kuɗinsa ko kusa da na giyabos bai je ba. Sai dai a kasuwa sau da yawa ba za ka sami bushin ɗin shi kaɗai ba, kebur ɗin gaba ɗaya za a miƙo maka. In za ka sayi na Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, ka je da tsohon, ka gwada tsawo, ka matsa robar bakin da farce, don shi ma daga jikin tsohuwar mota aka ciro shi. Ka ja wayar ciki ka ji ko tana tafiya sumul. Motocin da suka zauna a jihohin sanyi na Amurka da Kanada, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, keburinsu kan zo da tsatsa a ciki. Ɗaurin waya ko na robar tayar keke da ake yi a bakin hanya zai kai ka gareji, ban hana ba, amma ba abin ɗaukar fasinja bakwai zuwa Abuja ba ne.

Bayan an ɗaura sai saiti, kuma nan ne yaran gareji ke gaggawa. A tsarin Toyota ana sassauta notin bakin kebur, a kai ɗan hannun ƙarshe wato P, a dawo da shi mazauni biyu zuwa N, a sa sanda ita ma a N, sannan a ɗaure. Kada ka biya sai ka gwada: ta tashi a P, ta tashi a N, ta ƙi tashi a R da D, ƙafarka a kan birki. A sa ido kuma a kan mawntin na inji, don in sun mutu inji yana girgiza yana fizgar kebur. Haka wayar da ke haɗa inji da bodi: in ta tsinke ko an manta ba a mayar ba bayan wani aiki, wutar kik na iya bi ta kebur ɗin giya ta narkar da robarsa, ka canza yau gobe ya sake.

Akwai wani abu da ya shafi ƙirar motarka musamman. A 2013 kamfanin Toyota ya yi kiranye, wato ya ce a dawo da motoci a gyara, ga Sienna kimanin 615,000 a Amurka, ƙirar 2004 zuwa 2005 da 2007 zuwa 2009, saboda makullin da ke hana sanda fita daga P sai an taka birki yana iya lalacewa. Wannan daban ne da bushin, amma sakamakonsu ɗaya, mota ta gangara ba kowa a ciki. Gwada: makulli a buɗe, ba tare da taka birki ba, ka ja sanda. In ta fito daga P, a gyara wannan ma. Lambar VIN, wato lambar shasi mai gurbi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, za ta nuna maka a shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar ba kafin ta hau jirgin ruwa.

 

Bakanikenka zai yi gaskiya ne kawai idan mita ta nuna D sosai amma motar ta ɗauki daƙiƙoƙi kafin ta ja, ko inji ya riƙa ihu a kan tafiya gudu bai ƙaru ba, ko man giya ya bar launin ja ya koma baƙi yana warin ƙuna. Ba ka ambaci ko ɗaya ba. Amma wata biyu kana tafiya da giya rabi-da-rabi ba ƙaramin abu ba ne, domin in bawul ɗin ciki bai zauna daidai ba ƙarfin mai yana raguwa, kulocin ciki su riƙa zamewa suna ƙonewa a hankali. Zaro ma'aunin man giya, inji na aiki kuma ya yi zafi, ka goga a farin ƙyalle ka shinshina. In ja ne ba wari, ka ajiye lodin gobe, ka kai ta a canza bushin.