Ina za a kai iyali shan iska a kusa da Sakkwato?

Ɗan'uwa, ka ce kana neman wurin da za ka fita da yara ƙarshen mako, ba tare da doguwar tafiya ba. Ni dai Kwalkwalawa zan fara nuna maka, a hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Daga kan gada za ka hangi fadamar Kogin Rima, ga masunta a kwalekwale, ga masu noman rani na ban-ruwan albasa. Yara na son wannan sosai. In kana da mota, Tafkin Kware ma bai da nisa, ta hanyar Illela.

Ka fita da sassafe ko bayan La'asar, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Ka riƙe ruwan sha isasshe.

Don Allah kada ka bar yara su shiga ruwan. Akwai zurfi, akwai kuma tsargiya. Wanda ka ga jini a fitsarinsa, a kai shi asibiti.

Madatsar Goronyo da kufan Surame sun cancanci gani, amma yanzu kada ka kama hanya sai ka tambayi jami'an tsaro da direbobin tasha, kuma ka dawo kafin Magariba.