Amsa ga ɗan'uwan da aka ce wa kuɗin da yake tura wa iyaye zai rage masa haraji

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka cewa wani mai cike takardun haraji ya yi maka alkawarin zai rubuta kuɗin da kake tura wa iyayenka a Kano a matsayin sadaka domin CRA, wato hukumar harajin Kanada, ta dawo maka da kuɗi masu kauri, kuma sai da gabana ya faɗi, domin irin wannan mutumin ne ya jefa ni cikin halin da ba na yi wa kowa fatansa. Don girman Allah kada ka ba shi takardunka. Sadakar da ke rage haraji a Kanada ita ce wadda aka bai wa ƙungiyar da CRA ta yi wa rajista, ta kuma ba ka rasit mai ɗauke da lambarta. Kuɗin cefanen iyaye da zakkar da ka aika gida ladansu yana wurin Allah, amma ba sa shiga wannan lissafi.

Wanda ya cika mini tawa mutum ne da muke tsayawa sahu ɗaya a masallaci, ofishinsa wani ɗaki ne a ƙasan gidansa, kuma ladansa wani kaso ne daga abin da aka dawo mini da shi. Ashe ya rubuta cewa na yi kyauta ga wata ƙungiya da ban taɓa jin sunanta ba. Ranar da ambulan mai ruwan ƙasa ta iso daga CRA ana neman rasit, a tsaye na karanta ta a bakin akwatin wasiƙa, ko rigar sanyi ban cire ba. Na yi ta kiransa bai ɗauka ba, da na same shi kuwa bai haɗa ido da ni ba, sai ya ce, "Ai kai ka sa hannu." Abin baƙin cikin shi ne a wurin hukuma haka maganar take, alhakin abin da ke cikin takardar yana wuyan mai ita. Aka sake lissafi, aka ce in mayar da kuɗin, aka ɗora tarar kashi 50 cikin ɗari, ga kuɗin ruwa da ke hauhawa kullum. Ni da nake gudun riba tun ina gida, sai ga ni ina biyanta saboda ƙaryar da wani ya yi da sunana, shi kuwa har yau yana karɓar takardun sababbin zuwa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Idan mutumin da ya yi maka wannan alkawari ya taɓa cika maka a baya, ka nemi akanta mai lasisi ya duba, domin hukumar tana da shirin sassauci ga wanda ya kai kansa ya gyara kafin a gano shi. Idan kuɗin shigarka ba su da yawa, akwai cibiyoyin 'yan sa-kai da ke cikewa kyauta a watannin Maris da Afrilu. Kada ka wuce 30 ga Afrilu, domin mai bashin haraji da ya makara ana ɗora masa tarar kashi 5 cikin ɗari na bashin nan take, sannan kashi 1 duk wata har zuwa wata 12. Uwargida ma ta cika tata ko da ba ta aiki, in ba haka ba kuɗin tallafin yara zai tsaya.

Ragin gaskiya yana nan: asusun RRSP na ajiyar kuɗin ritaya, da asusun FHSA ga mai niyyar sayen gidan farko, wanda ake zuba dala 8,000 a shekara har ya kai 40,000. Kuma idan kana karɓar haya a gida Najeriya, wajibi ne ka bayyana ta. Duk rasit ɗin da ka dogara da shi ka adana shi shekara shida.